Tufafi Kaɗan Masu Kai Iyali Ƙarshen Shekara

A watan Janairu, idan muka shiga ƙauyukan Gaya da Ajingi da sassafe, mukan ga yara sun kewaye wuta suna rawar ɗari, wasu da singileti kaɗai a jikinsu. Cikin ɗakin iyayensu kuwa akwai sabon ɗinkin Kirsimeti a ninke a akwati, wanda aka sa sau biyu ko sau uku. Kuɗin sutura ya fita daga gidan, wani lokaci ma da bashi, amma yaron bai sami rigar da za ta tare masa iskar hunturu ba.

Ba rashin ƙauna ne ya kawo haka ba. Yawancinmu muna sayen tufafi ne saboda rana ɗaya: ranar biki, ranar suna, ranar Kirsimeti. Shekara kuwa kwana 365 ce. A wannan rubutu za mu duba yadda iyali zai haɗa tufafi kaɗan waɗanda za su yi masa aiki daga bazara zuwa hunturu, ba tare da an taɓa hatsin da ke rumbu ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce

A shekarun 1970 wata mai shagon tufafi a birnin Landan, Susie Faux, ta riƙa shawartar masu sayen kayanta su mallaki tufafi kaɗan masu ƙarko, waɗanda kowanne zai shiga da ɗan'uwansa, maimakon su cika ɗaki da kayan yayi. A 1985 wata mai tsara tufafi a Amurka, Donna Karan, ta fito da kaya guda bakwai da mace za ta riƙa sauyawa ta sami shiga iri-iri. Su can yawan kaya ne ya dame su. Mu nan ƙarancin kuɗi ne damuwarmu, amma maganin ɗaya ne.

Kakanninmu ma haka suka rayu. Sun noma auduga, mata sun kaɗa zare, masaƙa sun saƙa, marina sun rina. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Mutumin ƙauye na lokacin yana da gwado ɗaya wanda yake yafawa da safe ya lulluɓa da shi da dare, kuma ya yi shekaru bai yage ba.

Yau abin ya sauya. Yawancin masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Calawa sun rufe tsakanin shekarun 1990 da na 2000. Galibin atamfa da yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari daga waje suke zuwa, musamman daga ƙasar Sin, saboda haka farashinsu yana bin dala. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin yadi da na mota da na tela duk suka tashi tare. Shi ya sa kowace riga da za mu saya sai mun yi mata lissafi.

Mu fara da yanayin ƙasarmu

Shekararmu kashi huɗu ce, kuma kowane kashi da abin da yake nema daga tufa.

- Bazara (Maris zuwa Mayu). Zafi kan wuce digiri 40 da rana. Jiki yana son tufa ta auduga, marar nauyi, mai walwala, mai hasken launi. Yadin roba yana riƙe gumi, ya kawo ƙuraje da ƙaiƙayi, musamman ga yara.
- Damina (Yuni zuwa Satumba). Ruwa ya fi yawa a Agusta. Wanki kan yi kwana biyu bai bushe ba, ga aikin gona, ga sauro. Ana bukatar kayan aiki na sauyi, da riga mai dogon hannu don yamma.
- Kaka (Oktoba da Nuwamba). Lokacin girbin gero da dawa da gyaɗa da wake. Ƙaiƙayi da ƙarangiya da macizai sun yi yawa a gona. Kuma a lokacin ne kuɗi ke shigowa hannu.
- Hunturu (Disamba zuwa Fabrairu). Da asuba sanyi kan sauka kusa da digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, amma da tsakar rana sai a ji zafi. Ga hazo da ƙura.

Abin lura a nan shi ne wata tara a shekara tufa marar nauyi muke bukata. A wata ukun sanyi ma ba sai an sayi wasu kaya dabam ba. Ana ɗora riga a kan riga ne: singileti a ciki, rigar yau da kullum a kai, suwaita a sama. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce take riƙe ɗumin jiki. Idan rana ta ɗaga sai a tuɓe ta saman.

Mataki na fari: a zazzage akwati

Kafin a sayi komai, a zaɓi rana ɗaya bayan girbi, a shimfiɗa tabarma, a fito da dukan tufafin gidan. A kasa su kashi huɗu:

- waɗanda suke da kyau kuma ana sa su;
- waɗanda ke neman gyara: faci, maɓalli, zif, zariya, sakin kalmasa;
- waɗanda suka yi wa mai su kaɗan amma za su yi wa wani;
- waɗanda suka mutu.

Sau da yawa kashi na biyu ya fi kowanne tsibi. Allura da zare za su mayar da rabinsa bakin aiki a yini ɗaya. Kashi na huɗu ma ba na juji ba ne. Tsohon zani yana zama zanen goyo, daga nan ya zama shimfiɗar jariri, daga nan tsumman goge-goge ko cikon matashin kai.

Bayan haka a rubuta sunan kowa a gidan, a gabansa a rubuta abin da ba shi da shi. Wannan takardar ce za a tafi da ita kasuwa.

Abin da kowa yake bukata

Wannan jerin misali ne. Kowane gida ya daidaita shi da ƙarfinsa. Ƙa'idar ita ce uku-uku ga kayan yau da kullum: ɗaya a jiki, ɗaya a igiyar shanya, ɗaya a akwati.

Uwargida:
- zani uku da riga huɗu na yau da kullum;
- shiga ɗaya ko biyu ta fita, don sujada da biki da gaisuwa;
- ɗankwali biyu, mayafi ɗaya mai ɗan kauri;
- suwaita ɗaya, kayan ciki, zanen goyo da majanyi in tana goyo;
- silifa ɗaya, takalmin fita ɗaya.

Maigida:
- kayan gona sauyi biyu, masu dogon hannu da dogon wando;
- riga da wando biyu na zaman gari da cin kasuwa;
- kaftani ɗaya na fita, da hula;
- rigar sanyi ɗaya, malfa, dogon takalmin roba;
- in yana feshin magani, tsofaffin kaya sauyi ɗaya na wannan aiki kaɗai.

Yaro ko yarinya:
- kayan wasa sauyi uku;
- kayan makaranta, sauyi biyu in da hali;
- shiga ɗaya ta fita;
- suwaita, hular sanyi, safa, dogon wando;
- takalmi.

Ga gida duka kuma: bargo ko gwado a kowace shimfiɗa, gidan sauro, da lema ɗaya.

Asirin kayan uwargida yana wurin launi. Idan kowace riga zaninta kaɗai take shiga da shi, mai zani uku shiga uku gare ta. Amma idan rigunan nan huɗu na yadi ne marar zane, kamar fari da baƙi da shuɗi da ruwan ƙasa, kowace za ta hau kowane zani. Uku sau huɗu sha biyu ke nan: shiga goma sha biyu daga kaya bakwai. Kuma ba a wanke zani ɗaya kullum har ya koɗe ya bar rigarsa sabuwa.

Tufa ma rigakafi ce

Sanyi da kansa ba ya haifar da ciwon haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Amma sanyi da ƙura da hayaƙi suna raunana ƙirjin yaro, cutar ta sami hanya. Jariri kuwa yana rasa ɗumin jikinsa da sauri, musamman ta kai, don haka hula da safa wajibi ne gare shi a hunturu. Kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su tare, ya fi kowane bargo. Idan yaro yana tari, numfashinsa yana sauri ko ƙirjinsa yana lotsawa, kada a tsaya ƙara masa riga. A kai shi asibiti a ranar.

Gidan da ba shi da bargo shi ne yake shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci, ga kuma haɗarin gobara. Kuɗin bargo bai kai asarar ɗaki ba, balle ta rai. Mu tuna kuma cewa yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Kada yaro ya ji ɗumi da irin wannan riga, kada kuma mace ta yi girki da mayafin roba yana lilo.

Takalmi yana kare yara daga tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, da ƙaya, da kaushi. Dogon takalmin roba yana kare manomi daga saran kububuwa a lokacin shara da girbi, domin yawancin sara a ƙafa yake samun mutum.

Kayan feshi kuma a tuɓe su kafin a shiga gida, a wanke su dabam a wani bokiti, kada a haɗa da na yara, kada kuma a zubar da ruwan kusa da rijiya.

Yadda za mu gane yadi mai kyau

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A ce akwai atamfa ta naira 6,000 wadda take koɗewa ta yage cikin wata shida, da wata ta naira 15,000 wadda take yin shekara uku. Mai sayen ta farko zai kashe naira 12,000 kowace shekara, ya biya tela sau biyu. Mai sayen ta biyu naira 5,000 ce ta hau kansa a shekara, ya biya tela sau ɗaya cikin shekara uku. Farashin nan misali ne kawai, amma lissafin haka yake a kowace kasuwa. Sai dai tsada kaɗai ba shaidar kyau ba ce. Ga hanyoyin gwaji:

- A ɗaga yadin a duba shi ta hasken rana. In saƙar ta yi tsarara kamar rariya, ba zai daɗe ba.
- A murza gefensa da yatsu. In wani farin gari ya zubo kuma yadin ya saki, sitaci ne ya ba shi kauri, wanki ɗaya zai tona shi.
- A jiƙa farin ƙyalle a goga a kai. In launi ya hau ƙyallen, yadin mai zuba ne.
- A roƙi ɗan zare daga bakin yadin a kai masa ashana a waje. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Turmin atamfa yadi shida ne, wato falle uku. A ƙirga a gaban mai shago. Yadin auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, don haka a jiƙa shi a shanya kafin a kai wa tela. A kayan yara a ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasa da gefe, don a saki idan yaro ya girma. A karɓo ragowar ƙyallayen, su ne na faci nan gaba.

Gwanjo ba abin kunya ba ne

Suwaita da rigar sanyi da wandon yara na gwanjo sau da yawa sun fi sababbin masu araha ƙarko. Ana samun su da yawa a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, kuma 'yan kasuwa suna kawo su Wudil ranar Juma'a da sauran kasuwannin ƙauye. A duba hammata da wuya da gwiwa da zif kafin a biya. Idan an kawo gida a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, a goge in da dutsen guga. Haka ma za a yi wa kwancen da aka ba mu, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata. Kayan ciki kam gara a sayi sababbi ko a ɗinka.

Lokacin saye

Rigar sanyi ta fi tsada a Disamba, lokacin da kowa yake nemanta. A Maris da Afrilu masu ita suna neman kai da ita. Wanda ya saya a lokacin, ya ƙara ɗan girma saboda yaro, ya ajiye, ya tsere wa tsada.

Teloli suna cika da aiki makonni kafin Sallah da kafin Kirsimeti. A lokacin kuɗin ɗinki yana tashi, aikin kuma na gaggawa ne. Sallah tana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai a duba inda ta faɗo. Ɗinkin Kirsimeti a kai shi tun Oktoba ko farkon Nuwamba.

Mu yi hankali da sayar da hatsi a kaka don sutura. A lokacin ne hatsi ya fi araha, kuma wanda ya sayar da buhu a Nuwamba yakan sake sayen sa da tsada a Yuli. Ya fi kyau a ware abu ɗaya tun farko a ce na sutura ne: kunyoyin gyaɗa ko riɗi, 'yan kaji, ko kwasar adashi. Idan gidaje biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka aiki mutum biyu Kantin Kwari, an rage kuɗin mota, kuma mai sayen turmi da yawa yana da bakin neman ragi.

Zancen anko

Nan ne kuɗin gidaje da yawa yake zurarewa. Anko abu ne mai kyau, yana nuna zumunci. Amma idan aka fitar da shi sau huɗu ko biyar a shekara, matar da ba ta da hali tana tsakanin abu biyu: ta ci bashi, ko ta ƙi zuwa taron don kunya. Kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Kayan Zumuntar Mata sun nuna mana hanya: zani iri ɗaya ne, ana sa shi shekara da shekaru, ba wadda ake ganewa mai kuɗi ce ko marar shi. Ikilisiya za ta iya yarjejeniya cewa anko ɗaya ya isa shekara, a zaɓi mai ƙarko da launin da zai shiga da sauran kaya, a sanar da wuri, kuma kada a nuna bambanci ga wadda ta zo ba ta sa ba. Idan matar fasto da matan dattawa suka fara maimaita kayansu a taro, sauran za su sami sauƙin bi.

Kula da abin da muke da shi

- A shanya atamfa da rinannen kaya a inuwa, a juya cikinsu waje. Rana ce take cinye launi.
- Kada a bar kaya cikin omo su kwana. A wanke masu zuba dabam.
- A ɗinke ɓaraka tun tana ƙarama.
- Yaro ya tuɓe kayan makaranta da na sujada da zarar ya dawo gida.
- Kada a ninke tufa da danshi, za ta yi fumfuna.
- A ɗora akwati a kan duwatsu ko benci, nesa da bango, saboda gara. Busasshen ganyen darbejiya yana taimakawa wajen korar ƙwari. In an sa kafur, a ɓoye shi daga yara, domin guba ne.
- Kayan sanyi a wanke su a Maris kafin a adana.

A daminar 2022 ruwan sama ya rushe ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi. Wanda ruwa ya kora da dare, da abin da ke jikinsa yake fita. Saboda haka tun farkon Yuli kowane gida ya ƙulle sauyi ɗaya na kowane mutum da bargo ɗaya cikin babbar leda, tare da takardun gida da katin rigakafin yara, a rataye a inda hannu zai kai cikin duhu.

Abin da za mu iya yi tare

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 9, ya ba da labarin Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka tuna da ita saboda rigunan da ta ɗinka. Irin wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar ikilisiya ba. A watan Nuwamba a sa ranar musayar kayan yara, kowa ya kawo wankakkun kayan da suka yi wa 'ya'yansa kaɗan, ya ɗauki waɗanda suka yi daidai. A gayyaci maƙwabta Musulmi su ma, domin sanyi ba ya tambayar addinin yaro. Mai keken ɗinki ta koya wa 'yan mata da samari faci da sa maɓalli. Mutum biyu su zagaya a asirce su gano tsofaffi da gwauraye da marayun da ba su da bargo, a kai musu gida kafin Disamba, ba a gaban taro ba.

Tambayoyi don tattaunawa

- Nawa gidanmu ya kashe a kan tufafi bara? Nawa ne daga ciki ya tafi ga kayan da aka sa ƙasa da sau biyar?
- Akwai yaro a gidanmu da ba shi da suwaita ko takalmi?
- Anko nawa aka fitar a ikilisiyarmu cikin shekarar da ta wuce? Wa ya daina zuwa taro saboda shi?
- Su wane ne a ƙauyenmu za su shiga hunturun bana ba bargo, kuma wa zai ɗauki nauyin kai musu?